Lissafin da ya dace fiye da kima

Shekarun baya, ina karatun digiri na uku a Dubai, aka haɗa ni aiki da abokina, ɗan Jos, wanda muke haya tare a unguwar Al Qusais. Aikinmu shi ne mu sa kwamfuta ta hango yadda sandar makamashin nukiliya ta ƙarfe za ta yi zafi ta kumbura in wuta ta yi tsalle farat ɗaya, sannan mu gwada da abin da aka auna a gwajin gaske.

Da sakamakon ya fito, layin hasashenmu a jadawali ya hau kan layin gwajin daram, ko kaucewa babu. Duk wanda ya san aikin nan ya san ƙarfe ba ya yi wa kwamfuta irin wannan biyayya. In malaminmu ya ce cuwa-cuwa ce, tallafin karatu ya tafi, biza ta bi shi.

Nan take na ɗora wa abokina laifi. Na sa wa kwamfutata sabon makulli. In ya ce, “Yalla, mu je unguwar Al Rigga mu ci shinkafar mandi,” sai in ce na ƙoshi, ni da ba a taɓa ji na ƙoshi ba. Ina ta leƙen allonsa ta gefen ido kamar mai gadin kanti.

Wata safiya a jirgin ƙasa na metro na kasa haƙuri. Na ce, “Mutumina, tsakani da Allah, ka taɓa lambobin nan?”

Ya ce, “Ni ma abin da nake son tambayarka ke nan. Ba ka lura na daina barin jakata a falo ba?”

Muka zauna muka bi aikin tun daga farko. Ashe manhajar da muke aiki da ita ce ke jawo zafin da aka auna a gwajin, ta dawo mana da shi a matsayin hasashenta. Satar amsa take yi. Da muka gyara, layin ya kauce sosai, aka ɗage mana ranar gabatar da aikin, amma malaminmu ya ce khalas, shi ke nan, wannan ne ya yarda da shi.

Har yau in abu ya dace fiye da kima sai na bincika. Amma abin da bai sake ni ba shi ne yadda na ji zafi da na gane shi ma ya zarge ni. Wallahi har na buɗe baki zan ce masa, “Ni za ka yi wa wannan zato?”