Injin da Ya Ƙi Hucewa

Ƙanena bakanike ne, kuma tun yana yaro na san ba zai yi arziki ba, don duk abin da mutane suka yar shi yake kwasowa. Da matattun agogo ya fara, ya koma kekuna, ya tsufa a ƙarƙashin motoci. A layin gareji Mai Tafi ake ce masa, saboda ba ya sauraron inji kamar sauran. Tafin hannu yake ɗora masa, sannan ya faɗa maka ciwon. Kunnen dama tuni ƙarar guduma ta cinye shi, ba ya jin komai sai kiran abinci.

Da matarsa ta rasu, sai ya je ya jawo gawar wata mota daga bayan gidan da za a rushe. Irin ƙaramar nan ce mai ƙusumbi, injinta a baya, ba lagireto, ba ta shan ruwa, fanka ce ke hura mata iska. Rufinta na tamfol ne da ake naɗewa, amma ɓeraye sun riga sun yi rabonsa.

Na ce, "Amaryar ke nan? Ai ta girme ni."

Ya ce, "Ita tana gyaruwa, Yaya."

Ya yanke tsatsar ƙasanta ya yi walda, ya canja birki, ya sa mata kafireta biyu maimakon ɗaya, ya ɗinko sabon tamfol, ya fesa mata fenti ruwan madara. Injin kuwa ya warware shi kaf, ya wanke, ya haɗa shi da manyan fistin. Abu ɗaya ya rage, saita bawul. A cewarsa irin wannan inji ba a saita masa bawul sai ya kwana a kashe ya yi sanyi ƙalau, don ƙarfe in da ɗumi a jikinsa ƙarya yake yi wa ma'auni.

To, inji ya ƙi hucewa. Injin da ba a tayar ba ko sau ɗaya, ko batir babu a motar. Kullum da safe zai buɗe gareji, ya ɗaga murfin baya, ya ɗora hannu, ya janye. "Da ɗumi," yake cewa, "kamar yanzu aka dawo da ita daga tafiya." Ya zargi kwanon rufi, ya tura motar lungu. Ya zargi kyanwa, ya toshe ramuka. Har toka ya barbaɗa kewaye da tayoyin, gari ya waye ba sawun kowa. Ya daina karɓar aikin mutane, kuma bai yarda wani mahaluki ya taɓa injin ba.

Ɗansa akawu ne a wani kamfani, mai takalmi da ƙyalli. Ya same ni a gida ya ce, "Gwaggo, Baba ya fara ruɗewa. Na sayi kwaɗo. In motar nan ba ta tashi ba kafin ƙarshen mako, zan kulle garejin in kawo shi wajena." Yaron ba mugu ba ne, bai dai san ubansa ba. Ka raba mutumin nan da garejinsa ka zaunar da shi gaban talabijin, ka fara neman masu haƙa kabari.

Ranar da wa'adin ya cika na yi sammako. Na tarar da shi tsugune a bayan motar, hasken safe na shigowa ta hujin kwano, ko'ina warin fetur da sabon fenti.

Na ce, "Matsa, in taɓa surukar tawa."

Bai yi gardama ba, abin da bai taɓa yi ba. Na ɗora hannu. Ƙarfe sanyi kamar kan famfo da asuba.

"Ba nan ba, ƙasa," ya ce, ya kama wuyan hannuna zai kai shi.

Ban san sanda na yi ƙara ba. Ni na wanke gawa ba ɗaya ba, ba biyu ba, na san irin wannan sanyin. Injin ma ya fi hannunsa ɗumi nesa ba kusa ba.

Ya sake ni ya ce, "Yaya, zazzaɓi kike yi? Hannunki kamar garwashi."

Ya dubi tafinsa, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Injin ya huce ke nan?"

"Ya huce."

"Tun yaushe?"

"Ina jin tun farko."

Ya gyaɗa kai. "To miƙo mini sifana."

Ya bi bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya ya saita su. Ya ɗaura batir, ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta kama, wata ƙara mai daɗi kamar keken ɗinki. Daidai nan akawu ya shigo da kwaɗonsa. Ya tsaya, ya saurara, ya zura kwaɗon aljihu yana dariyar kunya, ya miƙa wa uban hannu. Ƙanena ya mayar da nasa baya ya ce, "Bari, duk baƙin mai ne."

Na ja shi asibiti ba da sanin yaron ba. Likita ya auna, ya ce zuciya na bugawa, jini na gudu, ba abin da ya gani. Sannan ya tashi ya je famfo, ya daɗe yana wanke hannu.

Garejin yana hannunsa har yau. Motar ba ta taɓa taka titi ba, masu son saye sun gaji sun daina zuwa. Da safe yakan tayar da ita, ya jawo benci bayanta inda iska mai zafi ke fitowa, ya miƙa hannu biyu ya zauna. Nakan kai masa shayi yana tururi, in ce tsoho ya sha kafin ya bushe a wurin. Yakan karɓi kofin da hannu biyu, yana yi mini godiya, kafin ya kai baki tururin ya ɗauke.