Filin da Malam Baha'uddeen Bai Taka Ba

Shekara ashirin da biyu Malam Baha'uddeen Mailafiya yana tuƙa tiram, jirgin ƙasan cikin gari, a Croydon da ke kudancin London. Abokan aikinsa Baha suke ce masa, don cikakken sunan ya yi musu nauyi a baki. Sun san shi da shiru da fulas ɗin shayi, amma ba su san yana karanta tsohon rubutun Sinanci kamar jarida ba.

Karatu ne ya kawo shi London daga Zariya a 1995. Ya zo yin digiri na uku a tarihi, a kan yaƙin yini ɗaya da aka gwabza a Koriya a farkon shekarar 1593, a wani wuri mai suna Byeokjegwan, arewa da Seoul ta yau. Sojojin Sin sun zo taimakon Koriyawa, suka doshi babban birni tare, sojojin Japan suka tare su a hanya. Ƙasa ta jiƙe ta zama taɓo, dawakan Sinawa suka yi ta kafewa, Japanawa suka auka musu da takubba da bindigogi. Kafin faɗuwar rana Sinawa sun ja da baya.

Matarsa Fauziyya ta taɓa tambayarsa, "Malam, wai me ya haɗa ka da mutanen nan? Ba danginka ba, ba addininka ba."

Ya ce littattafan sun rubuta sunayen manyan hafsoshi, sauran waɗanda suka kwanta a filin kuwa lamba ce kawai, lambar ma har yau ana gardama a kanta. Shi ma yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa ya tafi yaƙin basasa da kakin soja. Takarda ce ta dawo gida. Babu wanda ya san inda aka binne shi.

Digirin bai kammalu ba. Malamin da ke duba aikinsa ya rasu a shekara ta uku, ba a samu wanda zai karɓa ba, ga 'yarsu Zarah an haifa. Da takardun zamansa suka fito sai ya kama aikin tiram, da nufin shekara biyu kawai. Amma bai saki yaƙin ba. Kullum bayan sallar asuba yakan zauna a teburin kicin na flat ɗinsu yana rubuta labarin da Hausa, cikin littattafai masu jan bango. Ya ce ba zai rubuta babin ƙarshe ba sai ya taka filin da ƙafarsa.

Sau biyu yana yin booking ɗin jirgi zuwa Koriya. Na farko mahaifiyarsa ta rasu, ya karkata Zariya. Na biyu korona ta zo, aka yi cancel.

A watan Maris na 2023 ya faɗi a bakin ƙofa yana ɗaura takalmi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya. Da aka sallamo shi daga asibiti, Zarah ta buɗe masa ɗaya daga cikin littattafansa na Sinanci don ya ji daɗi. Ya bi layin da yatsa, ya koma farko, ya sake bi. Sai ya ture littafin, ya juya fuska bango. Haruffan da ya yi shekara talatin yana tarawa sun tafi.

A watan Oktoba Zarah ta ɗauki hutu daga kantin maganin da take aiki, ta tafi Koriya ita kaɗai. Wata safiya wayar Fauziyya ta yi ƙara, ta riƙe masa a gaban fuska.

"Baba, I'm here," in ji Zarah. Hausa tana ji, amma da Turanci take amsawa.

Ta juya wayar a hankali. Ciyawa ce, da duwatsun harsashin wani tsohon masauki, da allon bayani. Can baya dogayen gidaje, motoci na wucewa.

Malam ya yi ta motsa leɓe. Da ƙyar kalmar ta fito: "Taɓo?"

Zarah ta danna ƙasa da takalminta. "It's dry, Baba." Ƙasar a bushe take.

Ya ɗaga hannun hagu, ya buɗe tafi kamar mai addu'a, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Fauziyya ba ta san wa yake yi wa ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta riƙe wayar har hannunta ya gaji.

Ya rasu a farkon Disamba, ranar Alhamis, aka yi masa sallah bayan Juma'a. 'Yan'uwan Fauziyya sun yi ta waya ta dawo gida, ɗaki na nan an gyara mata. Ta ce a yi haƙuri, ba za ta bar Malam shi kaɗai a ƙasar mutane ba. Ta mayar wa hukumar council da flat ɗin da suke haya, ta koma wurin Zarah a unguwar Edmonton, arewacin London. Duk Asabar ɗin farkon wata takan hau bas biyu zuwa maƙabartar da aka binne shi, ta tsaya daga bakin layin kabarinsa, ta yi masa sallama, ta faɗa masa wanda ya haihu da wanda ya rasu a Zariya.