Jinin Yayana a Firiza

Yayana, Allah Ya jiƙansa, mai sayar da shadda ne a Babbar Kasuwa, gidansa a Kinkinau, bango ɗaya ya raba mu. Ya daɗe da sanin yana ɗauke da ciwon hanta, irin wanda ke kwance a jiki ba ya motsi. Likita ya ce masa ya riƙa zuwa lokaci-lokaci ana yi masa hoton ciki, domin irin wannan ciwo yakan rikiɗe ya zama ciwon daji, kuma idan an kama shi da wuri ana iya yin wani abu. Yana zuwa, ni nake raka shi.

Wata ranar Talata muna kan benci muna jiran layi, sai ga wata likita mai farin gilashi da mutanenta. Ta yi sallama, ta ce su masu bincike ne, suna neman masu ciwon hanta su ba da ɗan jini kyauta. Ta yi bayani da Hausa tsantsa, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce ana juya jini a na'ura har ya rabu, ja ya kwanta ƙasa, wani ruwa mai kalar man gyaɗa ya taso sama. Na gane nan take, don haka tawada take yi a kurtu idan ta kwana biyu ba a girgiza ba. Ta ce a cikin ruwan nan akwai wasu sinadarai iri-iri da ake kira furotin, kuma suna zaton cuta takan bar sawunta a cikinsu tun kafin jiki ya nuna. Sawun suke nema. Ta ce wannan ba magani ba ne, kowa ya ci gaba da ganin likitansa.

Yaya ya miƙa hannu. Suka ba shi lemon kwalba, suka yi masa godiya har da rusunawa.

A Keke Napep muna komawa ya ce mini, "Malam, ka ga mutanen kirki? Jini da kansa suka ɗauka. In da wani abu, ai za su aiko."

Na ce, "Yaya, ba haka ta ce ba."

Ya ce, "Kai dai alƙalami ka sani. Likita ya ga wuta a gidanka ya yi shiru?"

Lokacin hoto ya zo, bai je ba. Wani lokacin hoton ya sake zagayowa, kasuwar azumi ta buɗe, ya ce ba zai bar shago ba. A ganinsa waɗanda suka leƙa cikin jini sun wuce mai ɗora na'ura a kan fata. Matarsa ta dame shi. Ina jin su ta katanga.

"Alhaji, ka je ka tambaye su mana. Ƙafa ce ba ka da ita ko baki?"

"Hajiya, mutum ya yi maka alheri ba ka biya ba, sai ka je ka tsaya masa a ƙofa kana ina nawa? Haka aka rene ku a gidanku?"

"A gidanmu dai ba a mutuwa don kunya."

"To ni a namu ba a matsa wa mai kyauta."

Haka muka taso, gaskiyarsa. Mahaifinmu ko aikin ɗinki ya bayar, in tela ya ce ba zai karɓi komai ba, to ya haramta wa kansa bin layin shagon har sai an aiko da rigar. Na yi wa Yaya magana, na sake yi, har na ce zan je a madadinsa. Ya ce in na je bai yafe ba. Yayana ne, na bari.

Bayan ƙaramar Sallah idonsa ya yi rawaya, ciki ya fara tasowa, abinci ya ƙi zama. Da muka kai shi aka yi hoton, likitansa ya daɗe yana kallon allo. Ya ce daji ne, kuma ya bazu. Ya tambaya me ya hana mu zuwa tuntuni.

Ranar na nemi ofishin mai farin gilashi, ban nemi izinin kowa ba. Ta ba ni kujera. Na tambaye ta abin da suka gani a jinin yayana. Ta ce, "Baba, ba mu buɗe ba tukuna. Yana firiza da sauran. Sai mun tara da yawa ake aunawa gaba ɗaya." Ta ƙara da cewa ko an auna ba za a san nasa ba, don an cire sunaye saboda rufin asirin mutane. Idonta ya cika da ƙwalla. Ban sami abin da zan zarge ta da shi ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Na koma na same shi kwance a ɗakin marasa lafiya, Hajiya tana masa fifita. Na gaya masa yadda muka yi, ban rage ba.

Ya ce, "Ba ka dai ɗaga mata murya ba ko?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Madalla."

Hajiya ta ajiye mafici ta fita.

Bai ga babbar Sallah ba. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, na karanta, na karantar. Amma a zaman makoki 'yan kasuwa suka yi ta zuwa jere, kowa da yabo ɗaya: mutum mai kawaici, bai taɓa matsa wa kowa ba. Ina karɓar gaisuwa ina cewa amin, harshena kamar na tauna maɗaci.