Tafintan da Ya San Gidanmu

Lokacin da nake koyon aikin lauya, an tura ni wata kotu a yankin Bagudo. Wata rana aka kawo wani manomi daga tsallaken Benin bisa zargin satar saniya. Dendanci kaɗai yake ji, ni kuma da yaren na tashi. Ya ce bai taɓa ganin saniyar ba. Tafinta ya dubi alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, ya amsa laifinsa."

Na raɗa wa magatakarda abin da na ji. Bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Yarinya, koyo kika zo yi."

Da aka tashi, tafintan ya tare ni a ƙofa, yana murmushi, ya ce ya san gidanmu. Na kama bakina, aka wuce da manomin gidan yari.