Cajin motar Alhaji Isa

Laifina ne, gara in faɗa tun farko. Ku da kuka shigo garejin nan bayana, ku ji yadda kunya ta sa na yi ƙarya a kan batir, ranar da har yau ba ta fita raina ba.

Bazarar bara ce. Alhaji Isa, dattijo mutumin Kumasi da ya yi shekaru yana tuƙa tasi a nan birnin Washington, ya kawo mana tsohuwar motar kwana, irin mai gado da kicin da firiji a ciki. Ya saye ta ne saboda matarsa, Hajiya Memuna. Bayanta ba ya barin ta ta yi doguwar tafiya a zaune, ga ciwon sukari, allurarta kuma sai a firiji. 'Yarsu ta haihu can a jihar Ohio, jikar fari, Hajiya ta ce ko a kwance sai ta je suna.

Irin wannan mota batir ɗinta kashi biyu ne. Akwai na tayar da inji, akwai jerin manya a ƙarƙashin bene masu riƙe firiji da fanka da fitilu. Na'urar da ke cajin manyan ta ƙone, sabuwa ba za ta iso kafin suna ba. Maigidanmu ya ce in cika su da cajar gareji, za su kai su Alhaji Ohio. Ƙa'idar aikin sananniya ce. A kashe komai na cikin motar, a maƙala caja, a bar ta ta gama. Sannan a cire, a bar batir ya huta kafin a auna, domin da zafinsa mita takan nuna ya cika alhali bai cika ba.

Na maƙala caja da safe, sai ga Alhaji da Hajiya a motar haya da tukwane.

"Ɗana, gidanmu na Silver Spring ya yi min ƙunci," in ji Hajiya. "A sabon ɗakina zan yi girkin suna."

Ta hau motar kwanan, ta kunna fanka, ta jona tukunyar lantarki. Ina kallon mita, abin da caja ke zubawa tukunya na kwashewa. Na je bakin ƙofa in yi magana, sai ta miƙo min kwanon wake da shinkafa da yajin shito.

"Ci, Sabi'u. Kai kullum kamar sandar rake. Ba a ba ka abinci a Kano ne?"

Na karɓa, na ci, na ƙara. Ta yaya zan ce wa sa'ar mahaifiyata ta kashe tukunya ta sauka, bakina da man girkinta? Na ce a raina zuwa la'asar za ta gama. Da la'asar ta ɗora nama.

Da yamma Alhaji ya leƙo. "Injiniya, ya cika?"

Na cire caja, na auna nan take, na nuna masa mita. "Ya cika, Baba."

Na san bai cika ba.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara, Alhaji ne. Suna wurin hutawar matafiya a yammacin Maryland, firiji ya mutu, motar ta yi zafi kamar tanda. Ina jin Alhaji yana faɗa: "Ke da girkinki! Yaro ya cika mana wuta, kin cinye ta da fanka. Gida za mu koma kafin allurar ta lalace." 

Na ce ya sayi ƙanƙara ya sa allurar a kai, kada ya juyo gida. Na gaya wa maigida gaskiya. Ya miƙo min makullin motar gareji. Na ɗauki caja da ƙaramin janareta na bi su.

A inuwar bishiya na yi aikin yadda ya kamata in yi shi jiya: komai a kashe, kowa a waje. Sun samu sunan, har Hajiya ta aiko min da hoton jaririya a cinyarta. Abin da na koya shi ne, a sana'armu ladabin da ya hana ka faɗa wa babba gaskiya cutarsa yake yi. Kwano ɗaya ya rufe min baki, dattijuwa ta kusa rasa sunan jikarta.

Amma haɗa wayoyi ba shi ne mai wuya ba a ranar da na iske su a wurin hutawar. Hajiya na zaune a benci, ta juya wa Alhaji baya, idonta ya yi ja.

"Ɗana, na ɓata maka aiki ko?" ta ce a hankali.

Na cire hula na durƙusa a gabanta, na ɗaga murya yadda Alhaji zai ji.

"Mama, ba ki ɓata komai ba. Tun jiya batir bai cika ba, na sani, na ce ya cika. Na ci abincinki na ji kunyar ce miki ki kashe tukunya. Faɗan da aka yi miki nawa ne. Ki yafe min."