Ɗinkin da Na Farke a Tashar Jami'a

Shekara goma sha ɗaya na yi a Alƙahira, sau ɗaya tak na buɗe saƙon da ba nawa ba. A tashar metro ta jami'a, wato tashar jirgin ƙasa na cikin gari, aka yi, cikin 2014.

Girki ne ya kai ni ƙasar. Wani ma'aikacin ofishin jakadanci ya ɗauko ni daga Gusau, ina tuƙa masa tuwo a unguwar Dokki. Da aka canza masa wurin aiki ya tafi, ni na zauna. Iƙamata, wato takardar zama, ta mutu ban sabunta ba. Sai na koma raka 'yan kasuwarmu sarin kaya a kasuwar Ataba, kuma duk wanda ya taho da saƙon ɗalibai daga gida, ni ake ba in kai. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abu ɗaya nake ci da shi: an san ba na leƙa kayan mutane.

Ran nan wani mutum ya tare ni a matakalar wani masauki a Ataba. Ban taɓa ganinsa ba, amma ya san ni. Ya miƙo ƙunshi, girmansa kamar burodi biyu, an rufe shi da farin yadi an ɗinke da baƙin zare, ɗinki ƙanana a jere kamar na bakin hula.

Ya ce, "Na wata ɗaliba ne mai karatun haɗa magunguna. Ga lambarta. Tana jiranka a tashar jami'a bayan azahar. Kar ka ajiye shi a ƙasa, kar ka shiga bayi da shi."

Na ce, "Mene ne a ciki?"

"Ni ma ba ni aka yi."

"Wa ya ba ka?"

"Malam, jirgina na yamma ne," ya sauka abinsa.

Na san abin da ake yi wa wannan gargaɗi, abu mai ayoyi ne. To ai mugu ma ya sani. In kana son Bahaushe ya ɗauki kaya bai yi tambaya ba, abin da za ka faɗa masa ke nan.

Na hau metro. Daf da jami'a jirgin yakan fito daga ƙarƙashin ƙasa, rana ta mari idonka. A da ina son tashar nan. Ɗalibai na ta surutu da littattafai a hammata, ga masu gyaɗa da masu biro a kan gada, ba ruwan kowa da kai. Amma a shekarar ta sauya. Kusan kullum ana rikici a ƙofar jami'a, wani lokaci warin barkonon tsohuwa har kan dandamali. An sha jin labarin abin da ya fashe a nan ko can. Baƙin mutum da ƙunshi a hannu, kowa sai ya ƙara kallonsa.

Na zauna a benci na kira lambar. A kashe. Na sake, a kashe. Jirgi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, har na daina ƙirgawa. Duk wanda muka sauka tare ya tafi, saura ni da wani mai gashin baki da ke tsaye jikin ginshiƙi da jarida. Na lura da shi sosai. Bai juya shafi ba ko sau ɗaya.

Na girgiza ƙunshin a hankali. Akwai ruwa a ciki, akwai kuma wani abu mai tauri. Zuciyata ta fara lissafi. In ƙwaya ce fa? In takardun 'yan zanga-zanga ne? Ita ɗalibar ma wa ya gan ta? In aka ce buɗe, aka ce kawo iƙama, me zan ce? Wani mutum ne ya ba ni a matakala? Na san waɗanda aka ɗauka a kan abin da bai kai wannan ba, sai bayan watanni aka ji sun sauka a Kano da kayan jikinsu.

Na koma can ƙarshen dandamali, na juya baya, na tsuguna, na ajiye shi a ƙasa. Na sa reza na farke ɗinkin.

Ƙaramar jarka ce cike da rubutun sha, an naɗe ta da tsohon ɗankwali. Sai laya guda, da ƙullin yaji, da wasiƙa. Shi ke nan. Na mayar, na tsinci igiyar leda na ɗaure yadda na iya.

Ban gama goge gumi ba ta iso tana haki, da farar rigar ɗakin gwaji a kafaɗa.

"Baba, yi haƙuri, an rufe ƙofa an hana mu fita, waya kuma ba caji."

Ta karɓa da hannu biyu. Sai ta tsaya tana kallon igiyar.

"Baba, wa ya ɗaure wannan?"

"Ni."

"Inna ba ta ɗauri. Ɗinkewa take yi. Duk sukar allura da bisimillarta, shi ya sa take yini a kai." Ta shafa gindin yadin, ƙura ta fito a yatsanta. "Har ƙasa ya sauka?"

"Ya sauka."

Na so in yi mata bayanin iƙama da mai jarida. Na waiga, babu shi. Ta rungume ƙunshin a ƙirji ta ce, "Ma'alish, ba komai. Gobe nake fara jarrabawa." Ta haye gada ba ta waiwayo ba.

Kafin mako ya zagayo maganar ta isa Ataba. Ba wanda ya zage ni. Kawai sai na ga ana gaishe ni ana wucewa da saƙo wajen wani. Wani Alhaji da muka yi shekara bakwai tare ya ce mini, "Ai ba laifinka ba ne, zamani ne," ya tura jakarsa ƙarƙashin kujera da ƙafa.

Har yau ban san wa ya kai maganar ba. Ita ba ta yi kama da mai surutu ba. Mutumin matakala ya ce jirginsa na yamma ne, amma bayan kwana uku na hango mai irin hularsa yana shan shayi a unguwar Hay el-Sabi'. Shi kuwa mai jarida, in ma jiran matarsa yake yi, to me ya hana shi juya shafi?