Gangar da Ta Kira Wanta

A shekarun da aka ba ƙasa mulkin kai, muna ƙarƙashin Jihar Arewa, ni ƙaramin malami ne a Tambuwal. Hedimastanmu yana da rediyo. A nan muka ji cewa a wata gasa ta duniya 'yan ƙasashe biyu sun bar ƙwallo sun koma naushi da hauri, har 'yan sanda suka shiga fili. Muka yi ta dariya.

Ni dai hankalina yana Kebbe, wurin wata yarinya mai sayar da faya-fayi ran kasuwa. Idan ta yi murmushi sai in ga kamar an yaye hadari. Na sha karatun 'yan littattafan soyayya na Turanci da ake sayarwa a kasuwa har na ɗauka duk mai so da gaske sai ya samu. Nakan haddace kalamai a kan keke, in na isa in zuba mata.

"Malam," takan ce, "kai ko gaisuwa taka sai ka ce karatu aka yi. Faifai kaka saye ko wa'azi?"

Mahaifina ya yarda bayan kaka za a kai goron tambaya.

Kafin kakar, samarin Kebbe suka gayyaci namu wasan ƙwallo. Mai tsaron bayansu wan yarinyar ne, ɗan kokawa da ake ji da shi, an sa shi ne don ba a iya ture shi. Ɗan wasan gabanmu kuwa ƙanena ne, siriri, mai zulliya kamar tarwaɗa. Mutanen Kebbe ba su san taron ƙarfafa ba kiɗa ba, saboda haka suka zo da makaɗin kokawa. Kowane ɗan kokawa yana da takensa, kiɗan da in aka buga masa jikinsa kan ɗauki tsuma, ba ya ƙara ganin kowa sai abokin karawa.

Ƙanena ya yi ta wuce wan yarinyar da ƙwallo, yana waiwaye yana dariya.

"Suruki, ƙwallon tana ƙasa, mi kaka nema a sama?"

'Yan kallo suka kwashe da shewa. Makaɗin ya ga ana kunyata gwaninsa, sai ya juya gangar ya kaɗa masa take. Ina bakin fili, na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Da ƙanena ya sake zuwa, ɗan kokawar bai ko dubi ƙwallon ba. Ya sure shi ya ɗaga, ya maka shi da ƙasa kamar yadda ake kada mutum a dandali. Ƙarar karyewar cinyar ƙanena har inda nike na ji ta.

Daga nan ba sauran wasa. Sanduna suka fito, hoge da duwatsu suka yi ta yawo, alƙalin wasa ya yar da usur ya tsere. Na hango yarinyar cikin mata, ta dafe kai, tana kallona.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta warke a karkace. Wan nata ya tako har zaurenmu, ya durƙusa yana hawaye.

"Wallahi Baba ban san sa'ad da niy yi ba. Ganga ta kira ni."

"Na yafe maka, ɗana," in ji mahaifina. "Amma gidanku ba ni kai goro. Kullum na ga tafiyar yaron ga, kai nika gani."

Na roƙa, na sa kawunnaina sun roƙa. Bai sake ra'ayi ba, ni kuma ban iya cewa ya yi zalunci ba, don ni ke kama ƙanena zuwa masallaci. Da damina ta zagayo aka ce wani falken shanu ya aure ta, sun yi kudu.

Ƙanena ya tsufa yana ɗingishi. Har yau yakan ce, "Yaya, ka yafe min bakina," in ce masa ba komai. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na yi musu aure. Matata mutuniyar kirki ce, kuma ba ta taɓa jin wata magana mai daɗi daga bakina ba.